Asabar Goma Sha Ɗaya a Hanyar Yargoje

A shekarar 1988 suka fara haɗuwa, cikin watan Mayu, ana jiran ruwan shuka. Malam Gide a lokacin malamin gona ne. Gidansa na Kankara, amma aiki yakan kai shi har ƙasar Faskari da Sabuwa, yana raba irin masara da na auduga a wata tsohuwar mota da ya saya hannun wani alƙali mai ritaya. Maharazu kuwa ɗan shekara ashirin da huɗu ne, bai fi wata uku da dawowa daga Funtuwa ba, inda ya yi shekara bakwai yana koyon wayarin mota. Ya kafa benci da akwatin kayan aiki a gindin wani maɗaci a bakin tasha, an kuma sa ranar aurensa bayan kaka.

Hon ne ya haɗa su. Hon ɗin motar Malam Gide ya daina kuka, Maharazu ya duba ya ce fiyus ne ya ƙone, wato ɗan abin nan mai siririyar waya a ciki, wadda kan tsinke idan wuta ta yi yawa. Ya sa wani, ya ƙone. Ya sake sa wani, shi ma ya ƙone. Sai ya yi abin da ya ga ubangidansa yana yi, abin da kusan kowane mai waya ke yi a zamanin: ya tsinci kwalin sigari a ƙasa, ya zare takardar nan mai ƙyalli ta ciki, ya naɗe mataccen fiyus da ita ya mayar. Hon ya yi kuka. Kowa ya rabu da kowa cikin jin daɗi.

Kwana biyu bayan haka, a kan hanyar Damari, da buhu shida na iri a bayan mota, hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin sitiyari. Malam Gide ya tsaya, ya buɗe gaban mota, ya fizge kan batir da hannunsa na dama. Ƙarfen ya riga ya yi zafi. Motar ta tsira, irin ya tsira, amma wayoyin sun narke tun daga batir har fitilun baya, tafin hannun Malam Gide kuma ya tashi. Tabon yana nan har yau, fari, kamar an ɗora kwabo an ɗauke.

Tarakta ce ta jawo motar zuwa Kankara. Direbobi suka kewaye ta, sarkin tasha ya zo da kansa, ya tambaya wane ne ya taɓa wayar motar nan. A tasha irin wannan, da an ambaci suna sau ɗaya an gama, ba mai sake kawo wa mutum ko da keke. Maharazu yana tsaye a bayan mutane, filaya a hannu, bai iya ɗaga kai ba.

Malam Gide mutum ne da ba ya son ƙarya, ba ya kuma son a wulaƙanta wani a gabansa. Ya dubi hannunsa da aka naɗe da bandeji, ya ce:

"Motar da ke kwana da hatsi a ciki, ai ɓera ba ya barin ta."

Maganar gaskiya ce, kowa ya san haka. Direbobi suka shiga ba da labarin ɓarnar ɓera, wannan ya ce ya cinye masa kujera, wancan ya ce ya haihu masa a cikin injin, taro ya watse a kan haka. Da yamma Malam Gide ya dawo shi kaɗai, ya buɗe tafin Maharazu ya ajiye masa ƙonanniyar takardar sigari, ya ce motar tana nan, a sake mata waya. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ranar nan ko bayanta.

Mako uku Maharazu ya yi yana jan waya ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka san shi daga baya ba su san wancan saurayi mai gaggawa ba. Wanda suka sani mutum ne da ba ya taɓa mota sai ya zaunar da mai ita ya tambaye shi yaushe abin ya fara, da wace ƙara, da wane wari, kamar malamin asibiti na da. Kayan gwajinsa ƙwan fitila ne guda mai waya biyu. Idan fiyus ya ƙone ba ya sa sabo sai ya gano abin da ya ƙona shi, ko da za a wuni. Direbobi suka sa masa suna Sai Jibi, suna yi masa tsiya, suna kuma kawo masa motocin da suka gagari masu sauri. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya bakwai, ya je Makka sau ɗaya, maɗacin ya faɗi ya gina rumfar kwano a gurbinsa. Malam Gide ya canza mota sau biyu, kuma ba wanda ya taɓa wayar ko ɗaya daga cikinsu sai Maharazu. Tunda Malam Gide mai son ya gani da idonsa ne, duk abin da aka cire a motarsa sai an ɗora masa a hannu, an nuna masa inda ya lalace.

Shekara talatin da biyar suka wuce a haka.

Malam Gide ya yi ritaya, ya kai saba'in da huɗu, mai ɗakinsa ta rasu, 'ya'ya sun watsu. Abin da ya rage masa na kansa shi ne tafiyar Asabar. Kowace Asabar, idan rana ta ɗaga mutane sun fara bin hanya, yakan tuƙa motarsa zuwa Yargoje, ya duba gonarsa, ya zauna da yayarsa Hajiya Hajaratu wadda ƙafa ta hana ta fita, ya juyo kafin la'asar, don yanzu ba mai son yamma ta same shi a hanya. Hajiya takan sa a dama fura tun da hantsi, ta sa a ajiye mata kujera inda za ta ji tsayuwar mota.

Ranar Asabar, sha tara ga Agusta, 2023, ruwa ya tare shi a kan hanyar dawowa. Ya rufe tagogi. Gilashin gaba ya yi gumi daga ciki, ya murɗa makunnin fanka don iska ta busar da shi, fanka ta yi shiru. Yana goge gilashi da hannun riga, yana tuƙi da hannu ɗaya, sai ga amalanken shanu a gabansa. Ya kauce, ya goge gefen amalanken, motar ta gangara cikin gonar dawa ta tsaya. Ba wanda ya ji ciwo. Mai amalanke ma shi ya taya turi.

Amma labari ya riga shi isa gida. Washegari babban ɗansa Salahuddeen ya iso daga Katsina, ya zauna a ƙasa gaban mahaifinsa, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da abin da ya kawo shi. Shi da ƙannensa sun yi shawara, suna ganin idon Baba ya yi rauni, suna roƙon ya ajiye makulli. Za a riƙa ɗaukar masa ɗan acaɓa, ko a jira sai wani ya sami sukuni ya kai shi. Malam Gide ya san ma'anar jiran sukunin ma'aikaci: sau ɗaya a wata, daga baya sai da salla. Ya ce ba idonsa ba ne, gilashi ne, kuma gilashin ma laifin fanka ne. Suka tsaya a kan magana ɗaya. Za a kai motar wurin Maharazu ranar Talata. In ya ce fanka lafiyarta lau, Malam Gide zai miƙa makulli da hannunsa.

Akwai abin da bai faɗa wa ɗansa ba. Tun bara haruffan littafin da yake rubuta yawan ruwan sama a ciki suka fara yi masa hayaƙi-hayaƙi. Ya canza tabarau bai ga bambanci ba. Amalanken nan kuwa, ko da gilashi ya yi gumi, ya san ya kamata ya hango shi tun da nisa.

Ranar Talata da hantsi ya kai motar. Salahuddeen ya ce zai biyo baya in ya gama wata hidima. Maharazu, wanda gemunsa ya yi fari shi ma, ya jawo masa benci ya fara tambayoyinsa. Malam Gide ya ba da amsa dalla-dalla, yadda ya saba. Tun watan azumi fankar ta daina juyawa a lamba ɗaya da biyu da uku, sai a ta huɗu kaɗai. Daga baya ta fara ƙara kamar ana sheƙar hatsi a faifai. Wata rana ya ji ƙauri. Daga nan bai sake kunna ta ba sai ranar ruwan nan.

Maharazu ya buɗe akwatin fiyus, ya bi su da ƙwan fitilarsa ɗaya-ɗaya. A kan na fanka, ƙwan ya kama ta gefe ɗaya, ya ƙi ta ɗayan. Almu, wani tsohon direba da ya mayar da rumfar wurin hirarsa tun da ya bar tuƙi, ya leƙo ya ce:

"Sai Jibi, naɗa mata takardar sigari mana Malam ya tafi gida. Mu da haka muka kai Legas muka dawo."

"Kun kai," in ji Maharazu, bai ɗago ba. "Motocin ne ba su dawo ba."

Ya zare mataccen fiyus ɗin, ya ɗauko sabo mai launi iri ɗaya daga gwangwani, ya ɗora su biyun a tafinsa ya miƙa wa Malam Gide, kamar yadda ya yi ta yi shekara da shekaru, don ya ga tsinkakkiyar wayar da kansa. Malam Gide ya gyara tabarau. Ya ga abu biyu masu ruwan ɗorawa, gefensu ya narke cikin fatar hannun. Ya kai yatsa ya taɓa ɗaya, ya ce lalle kuwa, ga ta nan ta tsinke.

Maharazu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ɗan jima yana duban yatsan, sannan ya dunƙule hannu ya zuba duka biyun a aljihu. Almu na can yana gardama da Rabo mai shayi, bai lura ba. Malam Gide kuwa ya lura. Shirun nan ya san shi, don shi ma ya taɓa yin irinsa.

Aiki ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Maharazu ya shimfiɗa buhu, ya kwanta rigingine a gefen mai zaman banza, ƙafafu a waje, ya kwance ɗan akwatin ajiya na gaban kujerar. A bayansa fankar take, cikin wani baƙin gida na roba. Ya kwance kusoshi uku, ya zare waya, ya jawo ta ƙasa. Sai masara ta zubo masa a fuska. Ya fito yana tofarwa, ya zazzage fankar a kan tire: masara kusan rabin kwano, auduga, gashin kaza, da yagaggun takardu. Malam Gide ya ɗauki guntu ɗaya ya kai kusa da ido, ya gane rubutunsa ne, ruwan saman wata shekara da ya ajiye a mota ya manta.

Almu ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ɓeran Malam Gide ya fi ma'aikatar gona iya ajiyar iri. Ya tuna musu cewa ai ko a zamanin da, ɓera ya taɓa ƙone wa Malam mota ƙurmus, shi yana wurin aka jawo ta da tarakta. Maharazu ya ci gaba da tsince auduga daga fikafikan fankar da tsinke. Malam Gide ya ce lalle Almu yana da riƙon labari.

Maharazu ya bayyana yadda abin ya bi da bi. Sheƙar ɓeran ta toshe iska, 'yar naɗaɗɗiyar wayar da ke rage wa fanka gudu ta rasa abin da zai sanyaya ta, ta ƙone, shi ya sa lamba huɗu kaɗai ta rage. Masara ta ci gaba da taruwa har ta cije fankar, fanka ta yi ta jan wuta ba ta juyawa, fiyus ya tsinke. Da bai tsinke ba, da wayar ce za ta kama. Ya faɗi wannan a hankali, yana duban tire.

Ya wanke fankar da fetur, ya ɗiga mata mai, ya buɗe bayanta ya tarar gawayin nan biyu da ake kira burushi sun cinye. Ya samo na wani tsohon janareta, ya zauna yana goga su a kan dutse har suka shiga daidai. Ya jona ta kai tsaye da batir, ta juya har ta kwashe hular Almu daga kan benci. 'Yar wayar rage gudu ya ciro daga wata matacciyar mota a bayan rumfa. Sannan ya buɗe gaban motar ya nuna wa Malam Gide wani abu: wanda ya fara shigo da ita ƙasar nan ya cire tiyo biyu masu kai ruwan zafi cikin hita ya haɗe su da juna, kamar yadda ake yi wa yawancin motoci a nan, wai me za a yi da zafi a ƙasar zafi. Maharazu ya ce iska mai ɗumi ta fi saurin busar da gilashi. Ya mayar da su mazauninsu, ya ƙara ruwa a lagireto, ya jira injin ya yi zafi ya tabbata ba ɗigo. Sai a ƙarshe ya sa sabon fiyus, ya kuma toshe hanyar ɓeran da ragar ƙarfe.

Salahuddeen ya iso bayan azahar. Ya durƙusa ya gai da Baba Maharazu, ya ga tiren masara, ya ji bayani. Maharazu ya ce ba a yarda da gyara sai an gwada. Ya sa Almu da Rabo suka shiga baya da butar shayi mai tafasa, Salahuddeen a gaba, aka rufe tagogi, shi kuma ya kwarara ruwan randa a kan gilashi daga waje. Nan da nan gilashin ya dushe, har ba a ganin rumfar da ke gabansu. Ya ce a murɗa makunni. Iska ta taso, wani fili ya buɗe daga ƙasan gilashin yana hawa sama, har kwanon rumfa ya fito, har sararin sama.

Salahuddeen ya fito yana share gumi. Ya yi wa Maharazu tambayar da ya zo da ita, cikin ladabi: to, Baba, fankar ce ke nan?

Malam Gide ya dubi ƙasa. Ya san kalma ɗaya daga bakin Maharazu ta isa ta raba shi da makulli.

"Fankar ga ta mutu murus," in ji Maharazu. "Ranar nan, ko kai ke riƙe da sitiyarin ga, ba ka ganin hanya."

Gaskiya ce, Salahuddeen kuma ya gani da idonsa. Ya ba mahaifinsa haƙuri. Amma Maharazu bai gama ba. Ya ce burushin da ya sa na aro ne, sai ya ji yadda za su zauna a kan hanya mai gargada, kuma ba ya iya sauraren mota sai yana tuƙa ta da kansa. Saboda haka kada Malam ya fita da ita ko'ina, ranar Asabar shi zai zo ya kai shi Yargoje. Yau ma shi zai mayar da ita gida. Almu ya ce yau ga sabon salo, Sai Jibi ya koma Sai Asabar.

Asabar kuwa ita ce ranar da rumfar ta fi cika. Duk da haka ƙarfe tara ya rufe akwatin kayan aiki, ya sallami masu jira, ya iso ƙofar gidan Malam Gide a ƙafa. Suka kama hanya, fanka na juyawa a lamba ɗaya, ba ta da wata ƙara da za a saurara. Dawa ta yi tsayi a gefen titi. Sun wuce inda motar ta gangara, Malam Gide ya yi gyaran murya.

"Fiyus mai ran na taɓa, ko?"

"Shi ka taɓa, Malam."

Suka yi tafiya kaɗan. Maharazu ya ce surukarsa ma haka ta yi fama, yanar ido ce ta rufe mata gani, aka kai ta asibitin ido a Katsina aka cire, yanzu ita ke zura wa jikokinta zare a allura. Ya ce shi wayar mota ya sani, ido ba aikinsa ba ne, kuma ba shi ya kamata Salahuddeen ya ji wannan daga bakinsa ba. Daga nan ya koma zancen taki da tsadarsa har suka isa. Hajiya Hajaratu ta ji tsayuwar mota, ta ce a ƙaro ludayi.

Malam Gide ya yi Asabar uku yana juya maganar. Abin da ya fi damunsa ba tsoron wuƙar likita ba ne, sai dai a ce yaran sun fi shi gaskiya. Amma duk safiyar Asabar sai ya ga dattijo ɗan shekara kusan sittin ya rufe wurin neman abincinsa, ya tako ya zo sauraren fankar da ba abin da ke damunta. A daren Asabar ta uku bai yi dogon tunani ba, washegari bayan sallar asuba ya kira ɗansa a waya ya faɗa masa da bakinsa.

A farkon Oktoba aka yi aikin idon dama. Likita ya ce na hagu zai iya jira. Asabar biyu ba a je Yargoje ba, sannan Maharazu ya ci gaba da zuwa. Mutanen tasha suka gaji da tambayarsa yaushe burushin nan za su zauna. Malam Gide, wanda ba ya barin abu bai rubuta ba, ya koma ga littafinsa, yanzu haruffan sun tsaya cak, ya ga tafiyar ta kama sau goma sha ɗaya.

Ranar ashirin da biyar ga Nuwamba sanyi ya fara sauka. An yanke dawa, an jingina ta a gonaki. Likita ya riga ya ba da izinin tuƙi. Maharazu ya iso ƙarfe tara kamar kullum, ya gaisa, ya karɓi makulli ya tayar da motar, ya murɗa fanka daga ɗaya zuwa huɗu ya dawo da ita, ya kara kunne kamar mai neman wani abu. Sannan ya fito ya bar ƙofar direba a buɗe.

"Sun zauna, Malam," ya ce.

Malam Gide ya shiga, ya ɗora hannunsa mai tabo a kan sitiyari. Iska mai ɗumi tana hawa gilashi. Ya so ya ce wani abu game da hanyar Damari, da tarakta, da sarkin tashar da ya daɗe da rasuwa, ya leƙo ta taga yana neman ta inda zai fara. Maharazu ya riga ya juya, yana tafiya tasha da ɗan saurinsa, don tun jiya wata motar Faskari ke jiransa da fitila ɗaya.